Gaisuwar Ɗan Fari

Inna ba ta san ƙwallo ba, kuma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Har ta tsufa ba ta gane abin da zai sa ƙarti masu gemu su yi ta bin abu ɗaya cikin rana, in sun same shi kuma su harbar da shi. Amma shekara da shekaru, duk ranar da tashar wasanni ta ƙasa za ta nuna wasa kai tsaye, da an idar da la'asar sai ta yafa mayafinta, ta miƙo mini 'yar kujerarta ta tsugunno, mu nufi nadi, ɗakin taron samarin ƙauyenmu inda talabijin take. Ba ta shiga ciki. A bakin ƙofa take zama, maza kuwa sun saba, sukan bar mata kafa tsakanin kafaɗunsu ta yadda za ta hango. Ni ce mai rakiya tun ina budurwa, har na yi aure a ƙauyen na zama malamar makaranta.

Yayana take zuwa gani, ko da yake fuskarsa ba ta taɓa fitowa ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi ke riƙe da ɗaya daga cikin kyamarorin tashar. Inna kuwa wajen kunyar ɗan fari ba a yi irinta ba. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar Makka, hanya ta zaunar da su a gonakin audugar Jazira, ƙetaren Rufa'a, daga baya babanmu ya kwaso mu zuwa nan kusa da Damazin. Duk wannan yawo bai rage mata komai a ɗabi'ar ba. Ba ta faɗin sunansa, in ta kama dole sai ta ce “wancan”. Idan ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In ya bugo waya daga Hartum aka miƙa mata, sai ta riƙe ta kamar garwashi ta turo mini, ta ce in tambaye shi ko yana samun abincin kirki. Abin yana ƙona mini rai, na kuma sha gaya mata cewa wannan ba kunya ba ce, horo ne. Amsarta kullum ɗaya ce, wai bakina ya girme ni.

Shi bai taɓa yin ƙorafi ba. Hanya ya nema, kuma ya samu.

Lokacin da ya fara aikin, tashar ma ba ta zama tasha ba. 'Yan awoyi ne ranar Juma'a a cikin talabijin ɗin gwamnati, daga baya aka yaye ta, aka ba ta gida da suna da tambari a kusurwa. A zamanin gwamnati babu abin nunawa idan an tafi hutun rabin lokaci, ba talla, ba masu kwat suna musu, sai a bar kyamarori su yi ta yawo a filin. Kyamarar yayana a can saman 'yan kallo take, kusa da katanga. Sai ya juya ta ta tsallake katangar, ya nemo masu agashe a bakin ƙofa. A ƙasar nan duk inda aka gina filin ƙwallo, ka duba da kyau za ka ga Bahaushe ya hura wuta ya kafa tsinkayen nama, don agashe sana'armu ce, har Larabawa da sunan suke kiransa. Yakan tsayar da hoton a kan hayaƙin na ɗan lokaci, sannan kyamarar ta sunkuya ƙasa har a ga turɓaya, ta ɗago, ta koma fili.

Duk ƙauye ya san zancen hayaƙin. Da ya fito sai nadi ya ɗauka, ga namu, ga namu. Sunkuyawar kuwa kowa ya ɗauka gajiyar hannu ce, har ni na taɓa tsokanarsa cewa ya riƙa cin agashen maimakon nuna shi, ko hannunsa ya yi ƙwari. Muna zaune a gindin darbejiyar gidanmu ya dube ni ya ce, “Ke malama ce amma ba ki da ido. Durƙusawa nake.” Daga ranar na daina kallon talabijin a wannan lokaci, na koma kallon Inna. Babu wanda ya gaya mata, amma duk sanda kyamarar ta sunkuya leɓɓanta sukan motsa. Tana amsa gaisuwa, tana sa albarka, ba tare da kowa ya kama ta ba.

Tashar ta sha sauya hannu, mu kuma a tambarin kusurwa muke ganewa. Gwamnati ta sayar da rabi ga wani ɗan kasuwa, tambari ya koma kore. Aka ce ɗan kasuwar ya shigo da wasu abokan hulɗa daga ƙetaren teku, tambari ya yi fiffike. Aka yi rigima aka raba gari, ya sake komawa wani abu. Duk sauyi sai an kori mutane, mu kuma sai mu zauna da fargaba har wasa na gaba, mu ga hayaƙi, sannan hankali ya kwanta. Yayana yakan yi dariya ya ce shi da babanmu sana'arsu ɗaya, gona ta masu gona ce, suna ta sauyawa, mai fartanya dai yana nan a duƙe. Zamanin ɗan kasuwar ne talla ta cinye hutun rabin lokaci, sabulu da ganyen shayi da tumatirin gwangwani, ya zama sai dai ya saci gaisuwar tasa: in ɗan wasa ya faɗi ana jiran masu magani, ko ana sauya wani. Ya ce akwai ranar da babban nasu ya zage shi ta na'urar kunne har kakanninsa, shi kuwa ya gama durƙusonsa kafin ya dawo.

Wata Babbar Salla ya zo mana da abokin aikinsa, wani dogon Balaraben arewa mai riƙe kyamarar bayan raga. Inna ta sake da baƙon nan kamar ta shekara da saninsa. Duk tambayar da ta ƙi yi wa ɗanta, shi ta yi wa da Larabcinta na kasuwa: ina wancan yake kwana, wa ke wanke masa kaya, yana salla kan lokaci. Yayana na zaune a gefe yana yankan nama kamar ba da shi ake ba. Ranar ya ba abokin labarin hayaƙin agashe, suka yi ta dariya. Ina wurin, na ji da kunnena, rabin labarin ya ba shi. Zancen durƙuso bai fito ba.

Sai yaƙi ya tashi, cikin azumi. Tashar ta ɗauke tun kwanakin farko. Wayarsa ta ƙarshe ni ya bugo wa, ya ce suna cikin ginin tashar su kaɗan, suna tsaron kayan aiki, da hanya ta buɗe zai taho. Matarsa da yaransa ya riga ya turo su gida tun kafin azumin. Na miƙa wa Inna wayar, ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce in gaya masa ya bar kayan mutane ya fito. Na gaya masa. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake tsayawa. Hanyar Sinja ta yanke, wuta ta tafi, layin waya ya zama sai an je kasuwar Damazin an bi layi. Na je har na gaji da zuwa. Mutanenmu da suka watse suna ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wannan a gabas, wancan a ƙetare, shi shiru. Sai wani direba na ƙauyen gaba ya dawo da labarin cewa ya ga motar tashar a ƙone kusa da gada, kuma 'yan unguwar sun ce waɗanda ke ciki ba su fito ba.

Wannan labari ne ya ta da Baffa, ƙanen babanmu, wanda ya zama babban gida bayan rasuwar baban. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, ko da yake a lokacin da an ba ni wuƙa ban san abin da zan yi ba. Ya ce duk mai rai ya bugo waya. Ya ce yarinyar mutane tana rataye, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, ubanta kuma ya turo saƙo ba sau ɗaya ba. Ya ce ya yi magana da liman, a yi masa sallar ga'ib, a shimfiɗa tabarmin makoki, matar ta shiga takaba, kowa ya san matsayinsa. Na ce masa direban nan mota ya gani ba gawa ba, kuma mutumin da ko rediyonsa bai iya kamo tasha ba shi ne zai yanke hukunci kan ma'aikacin talabijin. Maganar ba ta da kai, na sani, amma ita ta zo bakina. Baffa ya ce da ba don aure da boko ba da ya zane ni. Inna na zaune tana ta tsince wakenta.

Ana cikin wannan ja-in-ja tashar ta dawo. Samarin nadi ne suka kamo ta da farantin hasken rana da batirin mota. Tambari sabo, masu magana sababbi, wasu suka ce daga bakin teku take watsowa, wasu suka ce daga wata ƙasa, sabon mai ita kuwa babu wanda ya san ko wane ne. Wata ranar da hantsi aka aiko da gudu cewa an ga hayaƙi. Matar yayana ta riga kowa isa, ko takalmi babu a ƙafarta. Da na duba kusurwa na ga kalmar da ke nuna maimaici ne, tsohon wasa suke sakawa don cike lokaci. Ina neman yadda zan faɗa, Inna ta riga ni daga bakin ƙofa.

“Wanga tsohon wasa na,” in ji ta. “Mai agashen ga na san rigatai.”

Matar yayana ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Na kama ta muka koma gida. Daga ranar na tsani tashar, na tsani sabon mai ita da ban sani ba, mutumin da ya gaji kaset-kaset na yayana yana ta juya su kamar nasa.

Ba a jima ba aka sanar cewa za a dawo da gasa a wani gari na arewa da yaƙi bai kai ba, kuma za a nuna kai tsaye. Baffa ya zo da yamma ya zauna a bakin gadon igiya, ya sake ɗauko maganarsa a hankali, yana kiran Inna Hajja yana ba ta haƙuri. A karon farko ta amsa masa.

“Ku jira wasan ga. In ba a gan shi ba, halas, shi ke nan, ku shimhiɗa tabarmi.”

Baffa ya yarda nan take. Ni kuwa bayan ya fita na hau ta da faɗa. Na ce ta rataya ran mutum a wuyan talabijin. In sababbin masu tashar ba su ɗauke shi aiki ba fa? In yana tsare a wani wuri, ko yana kwance ba lafiya? In garin ma babu mai agashe? Ta bar ni na zuba har na ƙare, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa jin filin da babu namu a bakin ƙofarsa ba. Sauran tambayoyin ba ta taɓa su ba, kuma na gane ta fi ni sanin nauyinsu. Tsoro ne ya kama ni.

Ranar wasan tun azahar hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Kowa ya san in ruwa ya sauko hoton ɗaukewa yake, don haka rabin mutane sama suke kallo. Ƙauyen ya taru kaf, har tsofaffin da ke cewa ƙwallo aikin banza ne. Aka fito da talabijin ɗin ƙarƙashin rumfa, maza a gaba, mata a baya, Inna a kan kujerarta an bar mata kafa. Matar yayana tana jikina, ta damƙe gefen mayafina. Baffa na can gefe da carbi.

Rabin farko ya wuce ban san wa ke cin wa ba. Filin ƙarami ne, ciyawa duk ta ƙone, katanga gajera, ana hango rufin gidaje a bayanta. Iska ta taso, hoton ya kakkarye ya tsaya cik, aka yi ta salati, wani ya hau ya riƙe farantin tauraro da hannu biyu har ya dawo. Alƙali ya hura, aka tafi hutu. Na ce a raina yanzu ne.

Talla suka sako. Bayan talla wasu masu kwat suka fito a ɗaki mai sanyi suna gode wa sabon shugaban kamfani da ya dawo wa al'umma da farin cikinta. Suka yi ta yabonsa suna karɓa wa juna, filin ko sau ɗaya ba a nuna ba. Da zan iya shiga akwatin nan da na shaƙe su ɗaya bayan ɗaya. Aka sake talla, sai ga 'yan wasa sun dawo. Baffa ya yi gyaran murya ya dubi Inna. Ba ta dube shi ba, ta ce wasa bai ƙare ba.

Aka ci ƙwallo, babu wanda ya motsa. Yayyafi ya fara buga kwanon rumfa. Na ji matar yayana tana karanta wata addu'a tana maimaitawa, kalmomin suna harɗewa. Lokaci yana ta ƙarewa, sai 'yan wasa biyu suka yi karo, ɗaya ya kwanta bai tashi ba, masu magani suka shigo. Hoton yana kansa. Sai ya zame. Ya bar ɗan wasan, ya bi ta bayan raga yana rawa, ya haura katanga, ya wuce amalanken jakuna, ya wuce wata mai shayi, ya dawo baya kamar mai neman ɓataccen abu, ya tsaya. Hayaƙi. Wani dattijo da hular Hausa yana fifita wuta, tsinkaye sun kewaye ta.

Rumfar nan kamar za ta tashi. Mata suka ɗauki guɗa, matar yayana ta sake ni ta faɗi ta yi sujada a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baffa ya ratso mutane yana kuka kamar yaro, ya kama hannuna yana cewa in yafe masa. Ni idona yana kan hoton, ina jira. Ya daɗe a kan hayaƙin, ya fi duk yadda aka saba daɗewa, a tsaye ƙyam. Ina ce masa a zuci sunkuya, don Allah sunkuya. Sai aka yanke aka koma fili.

Na juya na dubi Inna. Leɓɓanta a rufe suke.

Bayan watanni, da hanya ta buɗe, dogon Balaraben nan ya zo ƙauyenmu da ƙafarsa, ya rame har ban gane shi ba. Shi ya binne yayana a harabar tashar, tun farkon yaƙin, don a can ya rasu, ba a cikin motar da direba ya gani ba. Ya ce an ƙwace wayarsa a hanya, ba shi da lambar kowa. Ya ce kafin yayana ya cika ya roƙe shi abu guda, in tashar ta dawo, ko a hannun wa take, ya nuna wa tsohuwa hayaƙi. Ashe shi ne ya juya kyamarar a ranar wasan. Har yau ban sani ba ko yayana mantawa ya yi bai gaya masa zancen durƙuson ba, ko da gangan ya bari don ta gane. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai Inna ta miƙe kafin a tashi wasan, na ɗauki kujerar na bi ta. Mata suna tare ta suna barka, tana cewa madalla, madalla, ba ta tsaya ba. Ruwa ya sauko sosai, guɗa tana bin mu har lungun gidanmu. A ƙofar gida ta tsaya ta dafa bango.

“Ki bar yarinyar ga ta yi magariba tukuna,” ta ce. “Sannan ki kira Baffanku. A hiddo tabarmi.”

Ta shiga ɗakinta, ni na tsaya a tsakar gida da kujera a hannu, ruwa na dukana. Can na jiyo muryarta, ba da ƙarfi ba, irin yadda uwa ke kiran yaro ya zo ya ci abinci. Sunansa take kira. Na haura arba'in a duniya, ranar na fara jin sa a bakinta.